Yadda Ɗan Maraya Ya Shiga Ogan Baba

A watan jiya wani ɗan uwa daga Mile 12 ya kawo mini gyaran rediyon motarsa. Yana jira sai ya leƙa ɗakin bayan shago, ya hango wani akwatin katako mai madannai hawa biyu, ga wayoyi sun fito ta bayansa sun shiga kwamfuta. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan kuma na wane coci ne?" Na ce masa nawa ne. Ya yi ta dariya, ya ɗauka wasa nake yi. To tun da magana ta fara fita, gara ku ji ta daga bakina, domin na kusa shekara 20 ina ɓoyon abin nan kamar mai ajiyar kayan sata.

Ni dai mutumin Kano ne, na zo Legas a 1988, kuma tun lokacin sana'ata gyaran rediyo da talabijin a Agege. Gidanmu ba a kiɗa. Mahaifina ɗan kasuwa ne mai karatu, yana jin Shata a rediyo yana kaɗa kai, amma da zai ga ɗansa da kalangu a hammata da sai ya kwanta ciwo. Kun san halinmu: muna son waƙa, muna yi wa mawaƙi kari, amma ba ma so a ce ɗanmu ne.

A 2006 wani dattijon Bayarbe, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Ebute Metta, ya sa aka ɗauko masa wannan akwati a bayan akori-kura aka kawo shagona. Ogan lantarki ne ƙirar Yamaha, na hannu, rabin madannan ƙasa sun daina magana. Na ce masa, "Baba, ni ban taɓa buɗe irin wannan ba." Ya ce, "Malam, waya ce da dalma, buɗe kawai." Kwana huɗu na yi a kansa. Ashe tsatsa ce da ƙura, da wasu ƙananan kayayyaki da suka kumbura saboda danshin Legas. Ran da ya zo karɓa ya ce sai ya gwada. Ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya ɗora hannun dama a sama, na hagu a ƙasa, ƙafar hagu tana yawo a kan wasu sandunan katako, ta dama tana kan wani abu kamar totur ɗin mota. Mai karatu, na rantse na waiwaya ina neman sauran makaɗan. Mutum ɗaya ne, amma abin da ke fitowa kamar na mutum goma.

Na ce, "Baba, wannan waƙar coci ce?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce waƙar soyayya ce ta Amurka mai suna Stardust, wadda Hoagy Carmichael ya tsara a 1927, kuma salon da ya kaɗa ta da shi salon gidan sinima ne. Daga ranar na zama ɗalibinsa, duk Asabar da yamma ina Ebute Metta.

Ga abin da na koya game da asalin abin. A farkon ƙarnin da ya wuce finafinai ba su magana, hoto ne kawai ke motsi. Masu gidajen sinima sai su ɗauki makaɗa su zauna a gaban majigi suna bin labari da kiɗa, kuma biyan makaɗa da yawa kullum akwai tsada. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hope-Jones ya ƙirƙiro ogan da mutum ɗaya zai iya maye gurbin ƙungiyar makaɗa da shi, kamfanin Wurlitzer na jihar Niyok ya karɓi aikinsa a 1910, ya ƙera sama da guda 2,000 kafin kasuwar ta mutu. Na asalin da iska yake aiki, kamar zuga-zugin maƙeri: inji yana hura iska cikin ɗaruruwan bututaye da aka ɓoye a ɗakuna gefen majigi. Banda bututaye akwai ganguna na gaske, da ƙararrawa, da jiniyar jirgin ƙasa, da hon na mota, da kukan tsuntsu, da sukuwar doki, duk mai kiɗa yana taɓa su daga inda yake zaune. A manyan gidaje har ɗago shi ake yi daga ƙarƙashin dandamali, shi da teburinsa, yana kiɗa yana fitowa.

A 1927 fim mai magana ya fito, wato The Jazz Singer, cikin 'yan shekaru aikin makaɗan nan ya kare a yawancin gidaje. Shi ya sa mu ba mu san shi ba: lokacin da aka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937 finafinai sun riga sun yi baki. A Ingila ya ɗan daɗe saboda rediyo da gidajen rawa. Reginald Dixon ya yi shekara 40, daga 1930 zuwa 1970, yana kaɗa Wurlitzer a ɗakin rawa na hasumiyar Blackpool. A Amurka kuma masu sha'awa suka kafa ƙungiya a 1955 don ceto waɗanda suka rage daga hannun 'yan gwangwan. Abin da ya fi sa Baba alfahari shi ne Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, wanda ya tafi Landan a 1934 ya yi suna har yana kaɗa wa BBC irin wannan ogan. Baba yakan ce tun yana yaro yake jin sunansa, shi ya sa masa ƙwaɗayin abin.

To mene ne aikin mai tsara waƙa? Tsohuwar waƙa takan zo maka ne a faifai ko a takarda, an yi ta don murya da fiyano ko don ƙungiyar makaɗa. Kai kuma hannu biyu gare ka da ƙafa biyu. Dole ka raba gado: karin waƙar ya tafi hannun dama, rakiya ta tafi hannun hagu, ƙafar hagu ta riƙe sautin ƙasa mai kauri, ta dama kuma ta riƙa ƙara ƙarfi da ragewa, domin shi ogan ko ka danna da ƙarfi ko a hankali sautinsa ɗaya ne. Kuma muddin yatsanka na kan madanni ba zai yi shiru ba, saɓanin fiyano da sautinsa ke mutuwa da kansa. Saboda haka ɗaga yatsa ma ilimi ne. Sannan sai zaɓen murya. A gaban mai kiɗa akwai jerin 'yan harsuna masu launi, kowanne yana buɗe wata murya: wata kamar sarewa mai kauri da rawar murya, ita ake kira Tibia, ita ce uwar gidan, wata kamar goge, wata kamar kakaki. Yawancin waƙoƙin Amurka na wancan zamani gajeru ne, in ka kaɗa sau ɗaya ba su kai minti biyu ba. Sai ka maimaita sau uku, kowane zagaye da sabuwar murya, na ƙarshe ka ɗaga shi sama kaɗan, ka ɗinka masa gabatarwa da rufewa. Baba yakan ce mai tsara waƙa tela ne, yadin na wani ne, ɗinkin ne naka.

Yana da littattafan makaranta masu layi guda 14 cike da tsare-tsarensa da fensir: waƙoƙin Fats Waller, da na hailaif irin su Taxi Driver ta Bobby Benson, da na Rex Lawson. Bai taɓa samun ko kwabo da su ba, bai taɓa kaɗa su a gaban taro ba. Matarsa da 'yan haya su ne masu sauraronsa. A 2009 na yi masa abin da ya ce ya fi kuɗin fansho daɗi: na saka wa ogan ɗin na'urar MIDI, na haɗa shi da kwamfuta mai manhajar Miditzer, wadda kyauta ce kuma tana kwaikwayon muryoyin Wurlitzer. Ranar ya ji jiniyar jirgin ƙasa ta fito daga lasifika, sai da ya share hawaye. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa taɓa na gasken mai bututaye.

Waƙar da na fara tsarawa da kaina ta Indiya ce, daga fim ɗin Awaara na Raj Kapoor na 1951, irin waɗanda muke tsallake katanga mu je kallo muna samari. Ta zauna daram ba gardama. Sai girman kai ya kama ni, na ce bari in ɗauko namu. Na ɗauko Bakandamiyar Shata. Wata uku ina fama. Na fitar da karin, na yi masa rakiya irin ta Turawa yadda Baba ya koya mini, ina canza haɗin sauti a kowane layi. Da na kaɗa masa ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ka sa wa mutumin nan kwat da laktaye, ba zai iya numfashi ba." Uwargida kuwa da ta ji a kaset cewa ta yi, "Wannan wace waƙa ce?" Matar da ta haddace Bakandamiya tun tana budurwa!

Sai daga baya na gane inda na ɓata. Waƙarmu a kan magana take tsaye. Karinta yana bin hawa da saukar harshen Hausa ne, sautukan da ake amfani da su kaɗan ne, ana ta juya su, ƙarfin yana cikin kalmomi da kalangu da amshi. In ka cire kalmomin ka cika gurbinsu da kwalliya, ka kashe ta. Na bar Shata don ya fi ƙarfina, na koma ga Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi mai tsirkiya ɗaya, na ɗauki waƙar Karen Mota. Wannan karon na zubar da kusan duk abin da na koya. Ƙafata ta tsaya a kan sauti biyu kacal tana maimaita su kamar yadda kuntigi ke yi. Na samo wata siririyar murya mai hanci da ake kira Kinura, wadda ta yi kama da algaita, na ba ta bakin mawaƙi a madannan sama. Madannan ƙasa na mayar da su masu amsa mata. Na zauna da kaset ina bin kowace gaɓa, inda ya ja in ja, inda ya haɗiye in haɗiye. A ƙarshe na danna hon ɗin motar nan na sinima sau biyu. Baba ya yi dariya har ya faɗo daga benci.

A 2016 Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu ya tafi. Ya sa 'ya'yansa suka kawo mini ogan da littattafan nan 14, ya ce in riƙe. Ya rasu a 2018. Ga shi kaya sun dawo shagon da suka fara zuwa, ni kuma ga tsoron bakin mutane. Na sa labule, na sayi abin sa wa a kunne, sai bayan isha'i nake zama.

Asirina ya tonu ne lokacin da yayana ya zo daga Kano neman magani ya sauka wurina. Wani dare ya fito shan iska ya same ni dumu-dumu. Ya ce, "Yanzu kai da girmanka, da 'ya'ya mata a gabanka, abin da Kurmi ta mayar da kai ke nan? In surukai suka ji fa?" Na ce, "Yaya, ba roƙo nake yi ba, ba kuma wanda ke ji sai ni." Ya ce to cire abin kunnen ya ji da me ake raina gidanmu. Na cire, hannuna na rawa, na fara Karen Mota. Ban kai rabi ba na ji murya a bayana. Yaya ne yake bin waƙar, baiti bayan baiti, yana tafi a cinya. Da na gama ya gyara hula ya ce, "A wuri ɗaya ka yi sauri." Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake cewa in bari ba. Har ya koma bai ƙara tayar da maganar ba, amma dare uku yana fitowa shan iska.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne autata. A Agege aka haife ta, Yarbancinta ya fi Hausarta, in na sa kaset ɗin Ɗan Maraya tashi take yi ta bar ɗakin. A daren nan tana bakin ƙofa. Washegari ta ce, "Abba, me Baffa yake faɗi a waƙar nan? Me ya sa ake kiran mutum kare?" Na zauna na ba ta labarin yaran mota, da tashar Kano, da yadda nake hawa bayan babbar mota zuwa Legas kwana biyu a hanya. Yanzu ita ke rubuta mini kalmomin a ƙarƙashin alamomin kiɗa, ina gyara mata ƙa da ɗa. Mun cika littafi na 15, mun shiga na 16.

Har yau ban iya Bakandamiya ba, kuma yatsuna sun fara tauri. Littattafan Baba ma akwai guda biyar da ban buɗe ba. Wanda duk ya biyo ta Agege ranar Asabar bayan la'asar, in akwai wuta, ya leƙo ɗakin baya, na cire labulen. In kuma akwai wanda ke da tsohon kaset na Ɗan Maraya ko na Barmani Choge da bai shaƙe ba, don Allah ya ara mini, zan mayar. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya bar zumunci. Sai wani jiƙon.