Kwana Shida A Landan Da Ɗan Guzuri

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su faɗi nawa ake sayar da mabuɗin ba. Ni dai na san kuɗinsa a birnin Landan cikin watan Satumba na 2023, sa'ad da na gama abin da ya kai ni Ingila, na ga saura kwana shida jirgina ya tashi, na ce ba zan koma gida ba sai na ga garin nan da tun muna yara muke jin sunansa a akwatin rediyo. Da na biya kuɗin masauki, wani ɗan ɗaki can gabashin gari inda mu huɗu muke kwana bisa gadaje masu hawa biyu, sai na ƙirga abin da ya rage. Bai kai fam 20 a yini ba, a ciki kuwa zan ci, in sha, in hau mota.

Ranar farko na yi wauta. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da sassafe, lokacin da ma'aikata ke rububi, watau daidai sa'ar da kuɗinsa ya fi tsada, sa'an nan na zauna a wani kantin shayi kamar mai hali. Kafin azahar rabin guzurin yini ya tafi, ban kuwa ga kome ba sai bangon rami da ƙeyar mutane.

Daga ranar na koma wa jar bas mai bene. Tun shekarar 2014 direbobinta ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati, na banki ko wanda suke kira Oyster. A lokacin hawa ɗaya fam 1 ne da kwabo 75, in ka sake wata bas kafin awa guda ta cika ba a ƙara cajinka, kome yawonka kuma ba za a ci maka fiye da fam 5 da kwabo 25 a yini ba. Na ce kwabo don haka iyayenmu suka san shi. Ai fam da sule da sisi duk daga nan suka je mana, kafin Naira ta kore su a 1973.

Mai karatu, in Allah ya kai ka, nemi bas mai lamba 15 a Dandalin Trafalgar, ka hau sama ka zauna kujerar gaba. Tana bi ta gefen Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya daɗe yana watsa labarai kafin su tashi a 2012. Na yi ta kallon ginin ina tuna tsohonmu da rediyonsa a zaure. Daga nan ta wuce babbar majami'ar St Paul's, ta sauke ni a Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar da ake ajiye kambin sarautar Ingila. Kuɗin shiga ya haura fam 30, abincina na kwana uku ke nan. Na daɗe tsaye gaban tagar tikiti, zuciya na cewa yaushe za ka sake zuwa, ciki na cewa kul. Ciki ya yi nasara. Na zaga ganuwar ta waje, na haye gadar Tower Bridge da ƙafa, wadda aka gama a 1894, ba wanda ya tambaye ni ko anini.

Abin da na gane shi ne, garin nan gado da abinci yake sayarwa da tsada, amma mafi darajar abin da ya mallaka a buɗe yake ga mai ƙafa da haƙuri. Manyan gidajen ajiye kayan tarihi na gwamnati kyauta ake shiga. Yini biyu cur na yi a British Museum, wanda aka kafa a 1753, ban kuwa ga rabinsa ba. Na ga gawawwakin mutanen Masar na dā a naɗe cikin likkafaninsu, na ga dutsen Rosetta wanda da shi masana suka warware rubutun Fir'aunoni, jama'a sun yi masa caa kamar ana rabon zakka.

Sai na sauka ɗakin Afirka da ke ƙasa. Nan na tarar da allunan tagulla na fadar Sarkin Benin jere a kan turaku, kowane da mayaƙansa da fadawansa, aikin maƙeran ƙasarmu tun ɗaruruwan shekaru. Sojan Ingila ne suka kwashe su a 1897 bayan sun ci birnin da yaƙi. Na tsaya shiru. Ga ni ɗan Nijeriya, na sha wahalar neman biza, na biya kuɗin jirgi, don in zo in ga kayan gida a gidan wani, har ina murna ba a caje ni ba. A bakin ƙofa akwai akwatin da ake roƙon baƙi su jefa gudummawa. Na dube shi, na wuce, kuma a wannan karon ba talauci ne ya hana ni ba.

Batun ciki kuwa dabara ce. Ruwan famfonsu ana sha, don haka gora ɗaya ta ishe ni har na taho. Da yamma manyan kantuna sukan karya kuɗin abincin da ya kusa kwana, su manna masa 'yar takarda rawaya. Na zama gwanin farautarta, ko da yake sai an karanta bayan kwali da kyau saboda naman alade. Ran Juma'a na yi salla a babban masallacin Whitechapel, na fito na ci shinkafa da kaza a wurin mutanen Bangladash da suka cika unguwar, ita ce kaɗai ranar da na ƙoshi har na yi gyatsa.

Ranar ƙarshe na nufi Greenwich. Akwai rami na masu tafiya da ƙafa a ƙarƙashin Kogin Tems, an buɗe shi a 1902, na bi ta ciki ina jin sanyi, na fito ƙetare na hau tudu. A bisa tudun ne layin da ya raba duniya gabas da yamma ya ratsa, wanda saboda shi masu karanta labarai ke cewa ƙarfe kaza agogon GMT. Shiga farfajiyar gidan nazarin taurarin sai da kuɗi, amma tudun na kowa ne, daga nan kuwa ana hangen birnin shimfiɗe har iyakar gani. Na zauna kan ciyawa na ci burodina mai rawayar takarda, na zazzage aljihu: saura fam 7 da 'yan kwabbai. Na ware kuɗin motar da za ta kai ni filin jirgi, ragowar na sayo wa tsohuwa kwalin ganyen shayi.