Dandalin da Muka Share a Cikin Salula

A hutun daminar bara na je gida Maraɗi. Wani dare bayan sallar isha'i, ɗiyar yayata mai shekara shida ta zauna bakin tabarmata ta ce: "Kawu, yi mini gatana." Na gyara zama na ce ga ta nan ga ta nanku, ta ce ta zo mu ji ta. Na ɗauko Gizo da Ƙoƙi, kafin in kai su bakin gona na kakare. Na san farkon labarin da ƙarshensa, har na san babin da na ajiye shi a kundin bincikena na mastar, amma bakina ya ƙi ɗaukarsa. Yarinyar ta dube ni ta ce: "Inna ta fi ka iyawa." Ta tashi ta bar ni da kunya.

Shekara biyu ke nan ina naɗar muryoyin tsofaffi, ina rubuta tatsuniyoyinsu, ina sa wa kowace gaɓa alamar karin sauti. A daren nan na gane cewa ajiya na iya, ban iya bayarwa ba. Da na koma Yamai na ba abokan karatu labari, sai na tarar ciwon ba nawa ne ni kaɗai ba. Haɗuwa wuri guda kuwa ta gagara, don wasu na Damagaram, wasu na Tawa. Shi ya sa muka buɗe zaure a WhatsApp, mu goma sha biyu, domin koyon ƙaga labari nan take da wasannin kwaikwayo.

Makon farko a rubuce muka yi, abin ya zo lami. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga ɗalibin ilimin harsuna. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: garin da ake zama da garin tuwo kamarsu ɗaya a takarda, haka kukan yaro da kukar miya. Balle tsamin bakin Gizo, ko jan numfashin da mai gatana ke yi kafin dodo ya fito. Sai muka hana rubutu, muka koma saƙon murya.

Ƙa'idojinmu uku ne. Saƙo ba ya wuce minti ɗaya. Ba a shirya magana a takarda. Abin da na gabanka ya kafa kuma ba ka rushe shi: in ya ce kura ta hau babur, to ta hau, kai dai ka san inda za ka kai ta. Muna farawa bayan isha'i, bisa al'adar da ta hana gatana da rana. Wani dare sarƙar labari muke yi, kowa ya ɗora daga kalmar da wani ya tsaya. Wani dare a jefo karin magana, mutum biyu su gina wasa, misali dillali da mai sayen rago, har su dire a kanta.

Ba baƙon abu muka ɗauko ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ƙasar nan, irin ta su Yazi Dogo a Damagaram, sun saba tsara ƙashin labari tare, sannan kowane ɗan wasa ya sa masa nama da bakinsa. Janet Beik ta yi nazarin wannan salo a littafinta kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, wanda ya fito a 1987. Mu dai dandali muka sauya.

Babban kuskure ni na tafka shi. Akwai wata ƴar'uwarmu ƴar Adar wadda ta fi mu duka iya muryar tsohuwa. Wani dare ta ce Gizo "shina tahiya" ya gamu da "hwara", sai na karya dokar da na kafa da kaina, na rubuta mata daidaitattun siffofin: yana tafiya, fara. Daga ranar ta yi shiru har mako uku, zauren ya yi sanyi. Da na kira ta, ta ce: "Malam, in gyara kake so, ka kai ni aji. Ni wasa na taho yi." Na sha rubutawa a jarrabawa cewa babu karin harshen da ya fi wani, ga shi ni ne na fara ɗaga wa wata bulala. Na nemi gafara a gaban kowa, da murya. Ranar da ta dawo muka ƙara ƙa'ida ta huɗu: kowa da Hausar gidansu. Ita ce kuma ta kawo ta biyar, wadda ta taɓa ni kai tsaye: babu muryar da za ta shiga kundin wani sai da izinin mai ita.

Ba zan ce salula ta maye gurbin tsakar gida ba. Mai gatana na rayuwa ne da amshin masu sauraro, da "sai me?" da dariyar da ke katse shi. A wurinmu dariya takan iso bayan minti goma, in an ɗauke wuta ko rezo ya yanke ma sai da safe. Ba ka ganin idon da ya fara lumshewa balle ka gaggauta. Abin da zauren ya ba ni shi ne sabo: harshena ya daina jiran alƙalami.

Shekaranjiya yayata ta turo mini muryar ɗiyarta tana neman gatana. Na yi mata ta Gizo da Botorami, numfashi ɗaya, har ƙurunƙus. Amsarta ta iso da safe: "Kawu, ka manta waƙar." Gaskiyarta. A daren yau abin da zan roƙi ƴar Adar ta koya mini ke nan.