Labarin Tsibirin Gberefu Da Itatuwan Kwakwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin Badagiri, wani tsohon gari yamma da Ikko, kusa da iyakar ƙasar Benin, wadda a da a ke kira Dahome.

Tsakanin garin da babban teku akwai wani ruwa mai kwanciya, bayansa kuma sai tsibirin Gberefu. Galibi yanzu da jirgi mai inji a ke haye shi, amma mu wani masunci ne ya ɗauke mu a kwalekwalensa na iska. Ya kafa sanda a tsakiya, ya ɗaura mata ƙyalle, iska ta cika shi, sai ga mu muna tafe ba mai tuƙi, ba ka jin kome sai motsin ruwa.

Abin da ya fara cika mini ido shi ne kwakwa, wadda tsofaffinmu ke kira kwakwar Attagara. Itacen ya yi kama da giginya, sai dai ya fi ta siranta. Na ga yaro ya hau shi ya yanko mana ɗanyu, aka fasa muka sha ruwansu mai zaƙi. Busassun kuwa a kan tatsi mai daga namansu, ganyen a yi rufi da tsintsiya. Mu a Tsiga auduga da dawa mu kan shuka mu girbe cikin shekara guda, amma mai dasa kwakwa sai ya jira wajen shekara 6, kana ita kuwa ta ciyad da shi har jikokinsa. A tsibirin Topo da ke kusa, 'yan mishan na Katolika sun zauna a 1876, suka dasa ta da yawa.

Daga gaɓa muka bi wata hanyar rairayi da ƙafa har bakin teku. Ita ce hanyar da a ke kora bayi zuwa jiragen Turawa. A gefenta akwai rijiya, mutanen garin su kan ce wanda aka shayar daga cikinta mantawa ya ke da gida.

To, jama'a, kada ku ce wannan labarin Yarabawa ne kaɗai. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓar teku har da Hausawa, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil. Ba su kuwa manta da gida ba: a 1807 suka ƙulla shirin tawaye, a 1835 kuma bayi Musulmi suka tashi cikin watan azumi, aka sami layu da rubutun Larabci a jikinsu. Ta Badagiri ɗin nan kuma Kyaftin Clapperton ya shigo a 1825, ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1827. Ashe hanya ɗaya ce, wasu ta shigo da su, wasu ta fitar da su ba dawowa.

Saboda haka ina roƙon malamai su riƙa karanta wa yara wannan tarihi. Yaron da ya san sunan Baturen da ya shigo, bai kuwa san labarin kakanninsa da aka fitar ba, iliminsa da saura. Wanda kuma Allah ya kai shi Ikko, ya daure ya ƙarasa Badagiri, gani ya kori ji.

Allah shi ba mu alheri, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Tsiga.