Daga Bebeji Zuwa Riruwai A Kan Keke

In aka ce wa ɗan makarantar birnin Kano ya faɗi kamannin ƙasarsu, da wuya bai ce shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai ba, in ban da Dala da Gwauron Dutse. Ba ma ganin laifinsa, gama iyakar abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Ko wanda ya bi hanyar Jos a mota bai fi shi da kome ba, don inji ne ya yi hawan, shi kuwa yana ta gyangyaɗi. Amma wanda ya hau keke ya nufi kudu, ya bi ta Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada har Doguwa, cinyoyinsa za su gaya masa gaskiya tun malamin labarin ƙasa bai buɗe taswira ba. Mu biyar muka bi hanyan nan da kaka, sa'ad da sanyi ya fara sauka, ga kuwa abin da muka gano.

Guzurinmu ba shi da yawa. Kowa ya ɗaure bargo da buta a kariya, muka haɗa kuɗi muka sayi famfo ɗaya, da kayan faci, da sifana biyu. Wanda zai bi sawunmu ya duba birkinsa da kyau tun a gida. A birni ana iya tsai da keke da tafin ƙafa, amma gangaren Doguwa ba ya jin wannan magana.

Da muka fita ta hanyar Zariya muka wuce Tamburawa, kusa da inda Kogin Kano da Kogin Calawa suke gamuwa. Akwai gidan ruwa a nan, inda a ke tace ruwan da a ke tura wa birni. Ku riƙe wannan a ranku, don tun daga nan har ƙarshen tafiya gaba muka yi ta yi da ruwan nan: shi yana gangarowa, mu muna hawa. Muka ratsa Kura da Kadawa, ƙasar shinkafa da tumatir, muka kwana Bebeji.

Bebeji ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Zango ne na fatake tun da daɗewa, har Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya bi ta cikinsa a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A nan kuma sojan Ingila suka fara gamuwa da tsayayya a ƙasar Kano. Kanar Morland ya taso daga Zariya ran 29 ga Janairu 1903, mutanen Bebeji suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, aka harba igwa aka fasa ta. Ran 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Mun tsaya a bakin gari muna duban filin da babu tudu babu kwari, muna tunanin mutanen da ba su da wata kariya sai ganuwar ƙasa. Wanda ya karanta labarin a aji yakan wuce shi da layi ɗaya. Wanda ya tsaya a wurin ba ya saurin wucewa.

Kashegari muka ratse zuwa tafkin Bagauda, mai sunan sarkin da littafin tarihin Kano ya ce shi ne na fari, daga nan sai Tiga. Kai, jama'a! Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu ba, in ya hau kan madatsar nan sai ya riƙe baki. An fara gininta a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kogin Kano aka tare, ruwan damina ya taru a bayanta, ana sakinsa kaɗan kaɗan da rani. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da muka wuce jiya, ashe duk daga nan suke sha. Amma ba a samun alheri kyauta. Ruwan da aka tare a nan shi ne dā ya kan malala fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, kafin ragowarsa ta bi Kogin Yobe ta nufi Tafkin Cadi. Tun da aka tare shi ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a can, masunta da manoma suka ji a jikinsu. Mu dai mun sayi soyayyen kifi a bakin ruwa, muka ci, muka yi shiru.

Muka koma kan titin Zariya har Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, inda hanyar Jos ta rabu. Daga nan ƙasa ta fara sauya hali. Ba wani dutse ne zai tare ka ba, a'a, tudu ne mai tsawo, in ka gama shi ka ɗan gangara, sai wani ya fi shi. Feda ta yi nauyi, hira ta ragu. Dawa da gero suka fara ja da baya, masara ta yawaita, gama ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga birni. Muka isa Tudun Wadan Ɗankadai da la'asar sakaliya. Garuruwan wannan gefe sun sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau sarauta a 1855. Yau kuwa da shinkafa aka san garin.

Mai masaukinmu ya hore mu kada mu shiga dajin Falgore sai rana ta fito sosai, kuma kada ɗayanmu ya yi wa 'yan'uwansa nisa. Muka bi maganarsa, don dajin ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da 'yan fashi a wajen 2015, har aka ba soja wurin horo a cikinsa a 2017. Turawa ne suka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Kogin kuwa ta tsakiyarsa ya ratsa.

A nan ne keke ya biya mu wahalarmu. Mota tana ratsa dajin nan kafin fasinja ya gama cin rake, mu kuwa mun yi rabin yini a ciki. Muka ji sanyin inuwa ya sauka a kafaɗunmu, muka ji kukan tsuntsayen da ba mu san su a birni ba. Ga maje da kawo da marke, ga kaɗanya, ga gora a bakin rafi. Garken birai ya tsallaka titi a gabanmu, babbansu ya zauna a kan dutse yana dubanmu kamar mai karɓar haraji. Tsofaffi suna ba da labarin ɓauna da gwanki, mu dai birai da zabin daji muka gani.

Akwai abin da muka gani kuma wanda bai yi mana daɗi ba. A gefen dajin buhunan gawayi ne jere a bakin titi suna jiran motar birni, waɗansu ma a kan keke irin namu aka fito da su. Ba mu zargin mai gawayi, yana da iyali, mu ne kuwa masu sayen. Sai dai ku lura da yadda abin ya ke. Itace yana tare ƙarfin ruwan sama, saiwarsa tana riƙe ƙasa, ruwa ya nutse ya riƙa fitowa a hankali har cikin rani. In aka sare shi, ruwan yakan zubo gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa ya kai ta cikin kogi, kogi kuma ya kai ta Tiga ya zube. Madatsar da yashi ya cika cikinta ba ta riƙe ruwan da aka gina ta dominsa. Watau gawayin da aka dafa shayi da shi a Fagge yana da hannu a cikin famfon da ya ƙafe a Fagge.

Bayan daji muka shiga ƙasar Doguwa sosai, duwatsu suka bayyana a gabanmu shuɗi shuɗi. Hanyar Riruwai ta rabu da babban titi ta nufi cikinsu. A nan kam girman kai ya ƙare, duka muka sauka muka tura. Wani dattijo da ke saukowa da jakinsa ya dube mu ya ce, "Sannunku samari, yau doki ne ya hau mai shi?" Muka ce, "Baba, haka Allah ya so."

Riruwai ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, duwatsu sun kewaye ta. Masana sun ce gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne, ɗan'uwan duwatsun Jos, shi ya sa a ke samun kuza a cikinsa. Tun Turawa ba su zo ba mutanen nan suke wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai Kano da gaba. Waɗansunsu sun ƙaura kudu suka kafa Riruwain Dalma. Irin tsinkayen nan ne suka sa 'yan kasuwar Ingila neman inda a ke samo su, har aka buɗe ma'adinan Jos a farkon ƙarni na 20. A Riruwai ma kamfani ya haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse, amma aikin ya tsaya a shekarun 1980.

Mun kwana biyu a garin muna hutar da ƙafafu. Da safe muka bi wani rafi muka tarar da samari tsararrakinku tsaye cikin ruwa, suna juya yashi a ƙwarya har baƙin gari mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Ɗayansu ya zuba mana kaɗan a tafin hannu mu ji nauyinsa. Ruwan da ke fita daga ƙwaryarsa ja wur ne, ya bi ta tsakanin duwatsu ya gangara.