Matsa da Matso

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani dattijo, tsohon malamin kimiyya a lise, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana raba dare da madubin hangen nesa a tsakar gidansa. Ya gaje shi ne daga wani abokin aikinsa Bafaranshe da ya gama wa'adinsa zai koma gida. Irin ƙirar da Isaac Newton ya fito da ita ce a 1668: dogon bututu, a gindinsa madubi mai faɗin milimita 200 yana tattara haske, a kusa da baki kuma wani ƙaramin madubi yana karkato hasken zuwa gefe, inda ake sa ido. Da wannan na'ura ya nuna wa ɗalibansa husufin rana na 29 ga Maris 2006, ya haska surar ranar a kan farar takarda don kada wani ya kalle ta kai tsaye ya makance.

A wurin da ake sa ido akwai wani gajeren bututu mai shiga da fita, da mamurɗi a gefensa. Da shi ake daidaita gani. Idan an murɗa daidai, tauraro ya zama ɗigo. Idan an kauce kaɗan, ya koma kamar ɗigon mai a kan ruwa. A madubi irin nasa, wanda haskensa ke haɗuwa a nisan mita ɗaya, tazarar da hoto ke fita tangaran a cikinta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kusan kaurin gashin kai. Faransawa na kiran wannan aiki "mise au point". Malam bai taɓa yarda da wata fassara ta littafi ba; shi dai cewa yake yi hoto ya zauna, ko kuwa bai zauna ba.

Shekaru uku da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ya ɓoye. Amma madubi ba ya rufa wa kowa asiri, domin duk abin da ya ƙara wa tauraro girma yana ƙara wa rawar hannu girma. Da ya taɓa mamurɗin sai Mushtari ya kama tsalle a idonsa, ya saki ya jira bututun ya natsu, ya tarar ya wuce wurin, ya sake taɓawa. Wani dare ya yi sa'a guda a haka. Washegari ya lulluɓe na'urar da tsohon bargo, ya tura ta ƙuryar zaure, bai ce wa kowa komai ba.

Jikarsa ce ta lura. Tana karatun lantarki a jami'a, kuma tun tana ƴar shekara bakwai take hawa turmi don idonta ya kai wurin kallo. Da ta zo hutu ta ga bargon ya yi ƙura, sai ta ce, "Tsoho, ka saki uwargidan taka ce?" Ya ce, "Amarya, ai ke kika kore ta." Suka yi dariya, maganar ta tsaya nan. Bayan kwana biyu ta dawo daga kasuwa da matacciyar na'urar buga takardu, ta farke ta a kan tabarma.

Abin da take nema a ciki shi ne ƙaramin inji mai taku. Shi ba ya juyawa a sake kamar na fanka. Taku-taku yake yi, taku 200 ne ke cika zagaye ɗaya, ana kuma iya umartarsa ya yi bakwai ya tsaya cak. Ta kwance ƴar ƙusar da ke riƙe mamurɗin, ta zare shi, sandar ƙarfen ta fito tsirara. Ta auna, ta ga zagaye ɗaya na sandar yana tura bututun kusan santimita biyu. Ke nan taku ɗaya zai tsallake wurin da ake nema baki ɗaya. Sai ta ɗauko bel mai haƙora da ƴan faifai biyu, babba a kan sandar, ƙarami a kan injin, yadda sai injin ya zagaya sau biyar kafin sandar ta zagaya sau ɗaya. Wani mai walda ya lanƙwasa mata ƙarfen da zai riƙe injin a jikin bututu. Allon Arduino ya zama mai ba da umarni.

Daren gwaji na farko a watan Janairu ne, hazo ya ɗan lafa, Kaza da ƴaƴanta na tsakiyar sama. Ta cire gilashin kallo ta sa kyamara a gurbinsa, ta haɗa da kwamfuta. Manhajar tana tura injin wurare dabam-dabam, a kowane wuri ta ɗauki hoto ta auna faɗin tauraro. Ma'aunin ya riƙa sauka, ya kai ƙasa, ya sake hawa, ya zana siffar harafin V. Gindin harafin shi ne inda hoto ya zauna. Sau biyu zanen yana fita a karkace. Malam, da ke zaune a kujera yana kallo, ya ce, "Haƙoran nan lako-lako suke. Duk wanda ya juya baya sai ya yi ɗan murɗi a banza kafin su kama." Shekara 40 yatsunsa na biyan wannan bashi ba tare da ya taɓa faɗa ba. Ta gyara umarnin, ta sa injin ya riƙa wuce wurin kaɗan sannan ya dawo, kullum ta fuska ɗaya. A karo na uku harafin ya fito sak. Ta kuma sa a riƙa maimaita awon, domin sanyin hunturu na sa bututun ƙarfe ya tsuke cikin dare, wurin zaman hoto ya gusa.

Ta juyo da kwamfutar tana murna. Ya duba taurarin a kan allo, ya yaba, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce, "To wannan ta gani. Ni fa?"

Tambayar tana da tushe a kimiyyar da ya koyar. Injin ya nemo wurin da ya dace da kyamara ne. Idon mutum kuwa kowanne da nasa wurin, shi ya sa duk wanda ya karɓi madubi daga hannun wani sai ya ɗan murɗa. Babu manhajar da za ta auna abin da ke faɗawa cikin idon tsoho mai shekara 74. Ita ta yi zaton hoton yake kewa, alhali shi abin da ya rasa shi ne ya sa idonsa a gilashi, hasken da ya taso daga can ya shiga ba tare da ɗan aike ba.

Kwana uku ta yi tana haɗa wani ɗan akwati mai maɓalli biyu da doguwar waya, wanda zai riƙe a cinyarsa ya tura injin ba tare da ya taɓa bututun ba. Ya ce kada ta rubuta masa Faransanci a kai. Ta rubuta "matsa" a ɗaya, "matso" a ɗayan.

Da ya gwada sai ya ɗaure fuska, ya ce ta haɗa wayoyin a juye. Ta duba, ta rantse daidai suke. Suka yi ta musu har aka kira sallar isha'i, kafin su gane wayoyin ba su da laifi. Wasalin "o" da ke ƙarshen aikatau, wanda ɗaliban harshe suka sani da aji na 6 a rabe-raben Parsons, yana nuna motsi zuwa inda mai magana yake. Sai dai bai faɗi inda mai maganar ya tsaya ba. Ita, da ta saba da manhaja mai fara ƙidaya daga ciki, ta tsaya ne a wurin madubi, don haka "matso" a gare ta shiga ciki ne. Shi kuwa bai taɓa tsayawa ko'ina ba sai bayan gilashi. In ya ce wa bututu "matso", yana nufin ya fito ya tarye idonsa. Ta ce ai a ƙa'ida duka biyun daidai ne. Ya ce, "Wa zai riƙe akwatin, ni ko madubin?" Ta ɓare takardun ta sauya musu wuri.

A daren nan ya nemo Mushtari. Hannunsa na rawa a kan cinya, bututun kuwa ko gezau. Ya danna matso sau huɗu, matsa sau ɗaya, ya yi shiru mai tsawo. Ratsi biyu masu duhu sun fito a jikin duniyar, da watanni huɗun nan da Galileo ya gani a 1610, uku a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen. Ya ce, "Ya zauna." Sannan ya miƙa mata akwatin, ya ja kujerarsa baya, ya ce ta zo ta nemi nata wurin, don ya san idonta ba irin nasa ba ne.