Kwana Huɗu Kan Hanyar Dutsen Gangirwal

Akwai wata irin tafiya da samarinmu suka fara sha'awa a 'yan shekarun nan, wadda masu tseren dogon zango na Amurka suka yayata a shekarun 1980. Yadda ake yin ta shi ne mutum ya rage kayansa har su koma 'yar jakar goyo guda, sa'an nan ya shiga duwatsu, yana sassarfa inda hanya ta miƙe, yana takawa inda ta yi hawa, inda dare ya riske shi kuma nan zai kwana. Ta haka tafiyar mako guda sai a gama ta cikin kwana uku. A hunturun da ya wuce ni da abokaina uku muka jarraba ta karon farko, watau ni da wani malamin asibiti, da malamin makaranta, da kuma wani tela wanda ya fi mu duka gudu, shi ne ma ya kawo shawarar.

Wurin da muka nufa shi ne Cabbal Wadi, wanda kuma ake kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 daga gaɓar teku. Yana kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka mayar na tarayya a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba. Babu gandun da ya kai shi girma a ƙasar nan, gama faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Wannan yanki a dā yana hannun Jamus, daga baya ya koma riƙon Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Ana fassara sunan Gangirwal da "dutsen mutuwa", abin da ban gaya wa mahaifiyata ba sai bayan na komo.

Daga Jalingo muka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedkwatar gandun take. Nan muka karɓi izni, aka haɗa mu da wani dattijon ma'aikaci da zai yi mana jagora. Muka hau tsaunin Mambila da mota har Nguroje, babura kuma suka kai mu Njawai. Daga nan sai ƙafa.

Jakar kowannenmu ba ta wuce kilo 7 ba. A ciki akwai bargo mara nauyi, da rigar sanyi, da tocila, da gorar ruwa, da ƙwayoyin tsarkake ruwa, da tamfol guda na mu duka. Guzuri kuwa garin kwaki ne da sukari, da ƙuliƙuli, da dabino, da kilishi, an auna shi daidai kwana uku, ba ragi ba ƙari. Da jagoranmu ya ɗaga jakata ya ji rashin nauyinta, sai ya yi murmushi ya ce, "Yara, kun yi dabara. Amma ku sani wanda bai ɗauko kaya ba, a wurin mutane zai nema."

Ranar farko ta yi daɗi ainun. Tudun ciyawa ne bayan tudu, shanu farare suna kiwo, iska mai sanyi tana bugun fuska. Mukan sassarfa a gangara, mu ɗebi ruwa a ƙoramu, waɗanda yawancinsu Kogin Taraba suke zuba, shi kuma ya kai su Binuwai. Muka yi ƙasaru, muka haɗa azahar da la'asar kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi. Da dare ne muka san inda muka zo. Masana sun ce duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kamar digiri 6, mu kuwa a jikinmu muka karanta wannan darasi. Muka matsu ƙarƙashin tamfol kamar 'yan tsaki, raɓa tana ɗiga, ba wanda ya yi barcin kirki.

A rana ta biyu, wajen hantsi, muna gangara wani kwazazzabo mai santsi sai telan nan ya zame, gwiwarsa ta gurɗe. Malamin asibiti ya duba ya ce babu karaya, ya ɗaure ta da rawani, amma gudu ya ƙare. To, nan fa aka yi cirko-cirko. Lissafinmu duka a kan sauri aka gina shi. In mun rage tafiya, tilas mu ƙara kwana, ga shi babu abincin kwana na huɗu, babu kuma waya da take kamawa balle a kira wani.

Telan da kansa ya ce, "'Yan'uwa, ku bar ni a rugar can, ku je ku komo ku tarar da ni. Kada kuɗin motarku ya tafi a banza saboda ni." Malamin makaranta ya yi shiru, don shi ya sayar da tumakinsa biyu kafin ya haɗa kuɗin tafiyar, hutunsa kuma ya kusa ƙarewa. Muka dubi jagora. Ya ce, "Ni ɗaya ne, ba na rabuwa biyu. Ko mu hau tare, ko mu koma tare." Sai malamin makaranta ya miƙe, ya kwance jakar telan, ya raba kayan kashi uku, ya ce, "Baba, mu hau tare. Shi ya kawo mu, ba za a ce ya tsaya a gindi ba."

Aka sare masa sanda. Tafiyar da muka yi niyyar yi cikin awa uku ta ci mana yini. Da magariba muka isa wata ruga, jagora ya yi sallama da Fulatanci, maigidan ya fito. Bai tambaye mu ko su wane ne mu ba sai da aka kawo ƙwarya cike da kindirmo, da tuwon masara, aka hura mana wuta a bukkar baƙi. Da safe muka miƙa masa kuɗi, ya ƙi karɓa, sai tocila guda da ƙullin sukari ya yarda ya riƙe, shi ma bayan magiya.

Ranar ta uku, kafin rana ta take, muka isa ƙololuwa mu biyar. Ƙarƙashinmu ga kurmi mai duhu inda birai da sauran namun dajin gandun suke zaune, gaba kuma ga duwatsun Kamaru jere cikin hazo. Telan ya zauna kan dutse, ya daɗe bai ce uffan ba. Muka yi addu'a, muka raba dabino bakwai da suka rage, muka juya. Muka sake kwana a rugar nan, ranar ta huɗu da la'asar muka shiga Njawai.

Abin da na fahimta shi ne, masu koyar da wannan tafiya suna yawan magana kan awon kaya da irin takalmi, alhali kuwa kowane kilo da mutum ya cire daga jakarsa bashi ne ya ɗauka a wuyan abokan tafiyarsa da mutanen hanya. Mai babban kaya yana iya dogara da kansa kwana da kwanaki. Mai guntun kaya kuwa, ranar da lissafi ya ɓaci, ba shi da abin da ya wuce amanar waɗanda ke tare da shi. Fataken dā da suka bi hanyar Gwanja sun san haka, shi ya sa ba sa tashi sai da madugu, ayari kuma ba ya wuce wanda ya gaza.

Saboda haka ga shawarata ga samarin da ke da niyya. Ku tafi da rani, domin da damina ƙoramu kan cika, hanya ta yi santsi. Ku nemi izni a Serti, ku tambayi lafiyar hanya, kada ku shiga ba jagora. Ku ƙara guzurin kwana ɗaya bisa lissafinku, ku riƙe 'yar tsarabar da za ku ba masu masauki. Fiye da kome, kafin ku auna jaka ku auna abokin tafiya. Allah Ya kai kowa inda ya nufa lafiya, Ya komo da shi gida lafiya, amin.