Kafin Mai Kilo Ya Iso

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu, mu uku 'yan Jabo da abokai suka laƙaba wa suna 'yan gwangwan masu difloma. Ba mu ji haushin sunan ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Tsofaffin kwamfutoci muke tarawa, irin masu ƙeyar nan da aka daina yayinsu, kuma yau muna so mu faɗi dalilinmu.

Abin ya samo asali ne shekara uku da suka wuce, bayan mun gama foli a Sakkwato mun dawo gida muna jiran abin da Allah zai yi. Wata rana muka shiga Tambuwal sayen kayan babur, sai muka tarar da wani dattijo mai sayen gwangwan ya sa kwamfutar tebur a gaba, yana shirin sauke mata guduma. Muka gaisa, muka ce, "Baba, me za ka samu a cikinta?" Ya ce, "Ƙarhen kilo za a yi mai, fanel kuɗinai daban, waya ko akwai jan ƙarhe ciki. Saura bola." Muka dubi juna. Kuɗin gyaran babur muka ba shi, babur ya ƙara mako biyu a jingine, mu kuma muka sha faɗa a gida.

Gaskiyar magana, a lokacin sha'awa ce kawai. Mu 'yan zamanin wayar salula ne, wadda ta shigo Najeriya a 2001. Da yawa daga cikin sa'o'inmu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB, tun da aka mayar da ita ta kwamfuta zalla a 2015. Mun karanta tarihin na'urorin nan a aji, mun haddace cewa IBM ta fitar da kwamfutarta ta tebur a 1981, mun rubuta a jarrabawa mun ci. Amma ba mu taɓa kwance guda da hannunmu mun ga cikinta ba.

Yanzu muna da goma sha ɗaya a wani ɗaki da kawun ɗayanmu ya ara mana. Mun samo su daga Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna da Kebbe, yawanci daga shagunan buga takardu da suka rufe, ko gidajen tsofaffin ma'aikata. Kusan dukkansu kwance ne, sun yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin su iso nan. A 2005 wata ƙungiya mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto cewa kusan kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa a cikinsu matattu ne. Masu sauran numfashi su ne suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba, suka hau mota zuwa Kano da Sakkwato, suka ƙare a garuruwa irin namu. Ɗaya daga cikin namu har yau da tambarin wata makaranta ta Ingila a gefenta.

A hankali muka koyi gane shekarun kowacce. Da farko mukan duba takardar da ke manne a baya, mai sunan kamfani da lambar samfuri. Sai ɗan tambarin gaba: idan an rubuta Pentium II, to ba ta riga 1997 ba, Pentium III daga 1999 ne, Pentium 4 kuwa daga 2000. In tambarin ya goge, sai mu buɗe mu duba baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan fanel. Da yawansu suna ɗauke da lambobi huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Idan ka ga 9834, an yi ƙwayar a mako na 34 na shekarar 1998 ke nan. Rumbun ajiyar ma yana faɗin zamaninsa: mai faffaɗar igiya da haƙora arba'in tsohon yayi ne, mai siririyar igiya ya fara yaɗuwa daga 2003.

Ba a banza muka samu wannan ilimi ba, mun biya kuɗin makaranta. Waccan ta farko da muka ceto daga guduma, da hannunmu muka kashe ta. A bayan irin waɗannan kwamfutoci akwai wani ɗan jan makunni mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Na farkon na wutar Amurka ne, na biyun namu. Wajen goge ƙura ɗayanmu ya ture shi bai lura ba. Muka tayar da janareta, muka jona, sai ƙara da hayaƙi. Ba ta sake tashi ba, kuma rumbun ajiyarta ma ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Har yau ba mu san ko na wane ne ba, ba mu san abin da ya rubuta ba. Daga ranar muka kafa doka: ba a jona tsohuwar kwamfuta da wuta sai an fara cire rumbunta an kwafe abin da ke ciki.

Wannan doka ce ta yi mana rana a bara. Wani abokinmu ya zo ya ce akwai kwamfuta a gidan wani malaminsu na Hausa da ya rasu shekaru da dama, kuma 'ya'yansa suna shirin gyaran gida, za a kwashe tarkace. Muka je muka yi sallama, muka durƙusa muka gaida mai ɗakinsa. Da muka faɗi abin da ya kawo mu, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗiyana, Malam ya kan kwana gaban abin ga yana rubutu. Ya ce littahi za ya yi. Ni ban san ko yana ciki ba." Muka ce, "Inna, ki ba mu aro mu duba. In mun samu wani abu, ke za mu fara kawo wa."

Da muka buɗe ta, zanzaro ya yi gini a jikin fanka, ɓera ya ci igiyoyi biyu, ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a kan komai. Kafasitoci uku sun kumbura sun yi tsatsa a ka, alamar da mun jona ta da wata ɓarnar ce. Muka cire rumbun a hankali, muka haɗa shi da wata 'yar na'ura da muka yi saƙo daga titin Beirut a Kano, wadda ke ba tsohon rumbu damar magana da laftof ta yanzu. Ya yi ƙara sau biyu kamar mai tari, sannan ya buɗe. Babu wanda ya ce uffan a ɗakin har aka gama kwafewa.

Akwai fayil mai shafi tamanin da ɗoriya, ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe a 2006. Da muka buɗe, gabanmu ya faɗi. Ko'ina alamomi ne: }asa, ]aya, ~arawo. Muka ɗauka rubutun ya lalace. Sai wani babba a ƙungiyarmu ta marubuta, wanda ya yi aikin buga littattafai a da, ya duba ya yi dariya. Ya ce lafiyarsa ƙalau, da salon haruffan Rabi'at aka buga shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi a ɗora haruffa masu lanƙwasa a kai. Idan aka buɗe rubutun a na'urar da ba ta da wannan salo, sai alamomin su dawo da ainihin kamanninsu. Cikin awa guda muka musanya su duka, Hausar Malam ta fito tas.

Abin da ke ciki shi ya sauya mana tunani. Malam ya yi shekaru yana zama da tsofaffi yana rubuta abin da suka faɗa masa: sunayen tsofaffin shiyoyi da rijiyoyi, yadda ake gayya, waƙoƙin daka da na niƙa, kirarin maharba, da labarin shekarun fari daga bakin waɗanda suka gani da idonsu. Kowane labari ya rubuta wanda ya ba shi da ranar da suka zauna. Mun bincika, babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin nan da ke raye. Babi na ƙarshe ya tsaya a tsakiyar jimla. Mun kuma sami faifan fulofi tara a cikin wata leda, irin masu cin megabayit 1.44, waɗanda ko hoto ɗaya na wayar yanzu ba zai shiga ba. Huɗu ne kawai suka karantu. Biyar sun tafi da abin da suka tafi da shi.

A cikin rumbun akwai wasu abubuwan da ba namu ba: wasiƙu, lissafin bashi, takardun gado. Sunayen fayilolin kawai muka gani muka kauce. Ɗayanmu ya so ya buɗe, yana cewa wataƙila akwai ragowar littafin a ciki. Mun yi gardama sosai a kan haka, daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa Inna aron kwamfuta ta ba mu, ba ta ba mu sirrin gidanta ba. Muka zuba komai a filashi muka miƙa wa babban ɗansa, muka goge namu kwafin, ban da littafin da suka yarda mu riƙe. Ranar da muka kai mata shi a takarda, jikarta ta karanta mata shafi biyu. Ta tsayar da ita a kan wata waƙar daka, ta ce daga bakin mahaifiyarta Malam ya ɗauke ta. Mun daɗe zaune babu mai magana.

A ƙasashen waje masu irin wannan sha'awa ƙarancin na'ura suke bi. A 2014 gidan tarihi na Henry Ford a Amurka ya sayi kwamfutar Apple ta farko, ƙirar 1976, a kan dala 905,000. Namu babu wadda za ta yi kuɗin buhun gero biyu. Irinsu miliyoyi aka ƙera. Darajarsu a wurinmu tana cikin abin da mutanenmu suka zuba musu tsakanin ƙarshen shekarun 1990 zuwa zuwan manyan wayoyi: littattafan da ba a buga ba, takardun ƙungiyoyi, kundayen ɗalibai, hotunan suna da na aure, katunan gayyata da ke nuna wa ya auri wa.

Abin da ke ba mu kunya shi ne mu jikokin masu adana rubutu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma har gobe ana karanta shi, domin an samu waɗanda suka kwafa da hannu, suka sa a gafaka, suka kare daga gara da ruwa. Wanda ya shiga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga abin da muke nufi. Tawada da takarda sun haura shekara ɗari biyu, amma rubutun 2006 saura ƙiris ya tafi a kilo. Takarda ko ta tsufa ido na iya karanta ta. Rumbun kwamfuta kuwa sai da wuta, da igiyar da ta dace, da wanda ya san hanya, kuma dukkansu ƙarewa suke yi. Kamfanin Sony ya daina yin faifan fulofi tun 2011.

Ba mu ɗauki 'yan gwangwan abokan gaba ba. Sana'a suke yi, da ita suke ciyar da iyali, kuma ba don su ba da tarkacen nan ya cika kwalbatoci. Baban nan na Tambuwal yanzu mutuminmu ne. Mun yi yarjejeniya: duk kwamfutar da ta shigo hannunsa, zai cire mana rumbun kafin ya fasa, mu biya shi abin da ya fi na kilo, in ya san gidan da ta fito ya faɗa mana. Mu kuma mun roƙe shi ya hana yaransa fasa gilashin masu ƙeya da ƙona waya, saboda gilashin akwai dalma a ciki, hayaƙin robar kuma guba ne.

Adana su a ƙasarmu ma aiki ne. Mun ɗora su a kan katako nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina. Mukan rufe su da zane, domin leda tana tara gumi. Mukan cire tsohon batir ɗin agogo daga fanel, musamman mai kama da 'yar ganga da ke cikin na farkon shekarun 1990, wanda in ya tsiyaye yakan cinye layukan fanel. Fuska mai ƙeya ba ma buɗe bayanta, domin takan riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire ta daga soket. Kowacce muna da shafinta a wani littafi: inda muka samo ta, shekararta, abin da ke damunta, da wanda aka mayar wa abin da ke ciki. Burinmu yanzu mu samu Zinox ta farko, ƙirar Najeriya ta 2001, mai alamar naira a allon rubutunta.

Roƙonmu gare ku ɗaya ne. Idan akwai tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiyar gidanku, ko a ofishin ƙungiyarku, kada ku yi saurin jona ta da wuta, kada kuma ku miƙa ta ga mai kilo yadda take. A samu mai gyara da aka yarda da amanarsa ya cire rumbun, a kwafe a wuri biyu, abin da ya fi muhimmanci a buga shi a takarda. Bayan nan a sayar da ƙarfen in ana so.

Littafin Malam yana hannun ƙungiyarmu ana tace shi, da izinin iyalinsa. Mun yanke shawarar barin jimlar ƙarshe yadda ya bar ta. Allah ya jiƙansa da rahama, ya jiƙan tsofaffin da suka ba shi labari, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wani makon idan rai ya kai.